Na uku bai iso Marwa ba

Ni tela ne a Marwa ta arewacin Kamaru, a unguwar Barmare aka yanke mini cibiya, yanzu na ɗan haura arba'in. Labarin da zan bayar na wasu kwalaye goma sha ɗaya ne da suka taɓa cika rabin ɗakina, da yadda aka yi suka taru. Na daɗe ina jin nauyin maganar. Idan mutum ya ce caca ce ta cinye masa jari, kowa ya san ciwon, har a taya shi addu'a. Amma ka ce littafin aljanu ne ya kusa raba ka da keken ɗinkinka, sai dai a ƙunshe dariya.

Tun ina ƙarami nake son abin tsoro. Kakata ta wajen uwa gwanar tatsuniya ce, da ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta, to ni Dodo nake jira, ban damu da wayon Gizo ba. Zan ƙanƙame zaninta ina rawar jiki, in ta yi shiru kuma in ce ta ci gaba. Da rana ko kuka za ka yi ba za ta ba ka ba, wai mai tatsuniya da rana ɓata yake yi.

Mu a nan Hausa harshen cikin gida ne. A titi da kasuwa Fillanci ake yi, a makaranta Faransanci. Sai da na kai shekara 13 kafin na ga Hausa a rubuce da boko, ranar da kawuna mai fatauci Kano ya zo da wasu 'yan siraran littattafai a cikin dilar atamfa. Na buɗe na fara karantawa da bakin Faransanci, inda aka rubuta "ci" in ce "si", wasalin u kuma in tsuke baki kamar mai busa sarewa. Kawu ya yi dariya har da hawaye. Kwana uku ina fama, rana ta huɗu sai na ji maganar gidanmu tana fitowa daga takarda. Ban manta wannan daɗin ba har yau.

Wanda bai san irin littattafan ba, ga yadda suke. Takardarsu kamar ta jarida, bangon kuma jarumi ne riƙe da takobi, a bayansa aljani mai kai bakwai ko wata mace mai kofato. Ba a buga labari gaba ɗaya, sai a yanka shi na ɗaya, na biyu, na uku, kuma marubucin ya san inda zai yanka: daidai lokacin da aka ɗaga takobi sai ka ga an rubuta mu haɗu a littafi na gaba. Daga Kano suke tasowa su bi Maiduguri, Bama, Banki, su tsallako Amcide, su biyo Mora su iso mana, a matse tsakanin robobi da takalma.

Autanmu na girme shi da shekara 12. Mahaifinmu ya rasu yana rarrafe, don haka a hannuna ya tashi, ni na koya masa karatun Hausa, ni na ɗora shi a keke. A shago aikinsa biyu ne, sa maɓalli da karatu. Ina taka keke yana karanta mini da ƙarfi, yana sauya murya, in boka ne ya shaƙe wuya, in tsohuwa ce ya karkarwa. Har masu shayi na gefenmu sukan matso. Ni na fi son na yaƙi, shi kuwa sai na mayu da fatalwa da gidan da ba a kwana cikinsa. A 2014 muka samu wani, ba zan faɗi sunansa ba, labarin yaron da mayya ta kama kurwarsa ta rufe a tulu a ƙasan tsohuwar rijiya, yayarsa ta ɗaura igiya ta sauka nemansa. Littafi na biyu ya ƙare tana ɗora hannu a kan marfin tulun.

Na uku bai zo ba. A watan Satumba na shekarar Boko Haram suka kama Bama da Banki, hanyar ta mutu. Duk direban da ya shigo shago sai Auta ya tambaye shi, har ya zama abin tsokana, ana ce masa mai jiran tulu.

Ranar Laraba 22 ga Yuli 2015, kwana kaɗan bayan ƙaramar Sallah. Kowane tela ya san halin da ake ciki a irin wannan mako: ka karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinka, Sallah ta wuce, masu kaya suna zuwa da fushi. Akwai shaddar wani dattijo da na yi wa alkawari sau uku, zare ruwan toka ya yanke mini. Bayan azahar na ce wa Auta ya je babbar kasuwa ya sayo. Ya ce, "Yaya, bari in ƙarasa wuyan nan." Na ce, "Tashi ka je yanzu." Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan.

Ƙara biyu aka ji, ɗaya a kasuwa, ɗaya a cikin unguwarmu. 'Yan mata biyu ƙanana aka ɗaura wa abin. Mutum fiye da goma suka rasu. Da tef ɗin awo da ke rataye a wuyansa na fara gane shi, zaren kuma yana aljihunsa, ya riga ya saya. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Bayan kwana uku wani bam ya sake tashi da dare a unguwar Pont Vert, garin ya rikice, aka hana babur yawo da dare, ko'ina bincike. Mu kuma muna zaman makoki. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, ban zubar da hawaye ko ɗigo ba. Mutane suna ta yaba mini, wai ga namiji mai tawakkali. Ni na san ba tawakkali ba ne, wani abu ne ya daskare a ƙirjina. Da dare in na rufe ido sai in ji muryata tana cewa tashi ka je yanzu. In tayar mota ta fashe a titi sai in tsinci kaina a ƙarƙashin teburin yanka. Innarmu ba ta ce mini komai ba. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta zaunar da ni mu yi irin wannan magana, sai na ɗauki shirunta a matsayin hukunci.

Wajen wata huɗu bayan haka wani direba ya ce mini yanzu ta Garwa suke bi su shiga Yola, daga can Kano. Na rubuta sunan littafin a takarda na ba shi da jaka biyu, wato sefa dubu biyu. A raina na ce in na uku ya zo zan karanta, shi ke nan na sauke wa yaron nan alkawari. Ya dawo da guda shida, babu shi a ciki, wai mai shagon ya ce ya ƙare amma waɗannan sun fi shi. A dare huɗu na cinye su da tocila. A daren farko, wajen ƙarfe uku, barci ya ɗauke ni da littafi a fuska, barcin da rabona da irinsa tun kafin Sallah.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa mai firgita zai sami barci a littafin firgici. Abin da na gano shi ne duk dodon da ke cikin littafi yana da doka. Aljani yana gudun bisimilla. Mayya in aka kama ta aka sa ta tsallaka wanda ta kama, sai ta sake shi. Mai shan jinin nan na labaran Turawa ba ya jure hasken rana da tafarnuwa, kuma ba ya shiga gida sai an ce masa shigo. Kowanne akwai inda aka ɗaure shi, kuma in ya ishe ka sai ka rufe bango ka tura shi ƙarƙashin matashi. Abin da ya ɗauke Auta ba shi da doka ko ɗaya. Da rana tsaka ya zo, da fuskar yarinya wadda da za ta shigo shagona sai in ce 'yata me za a ɗinka miki.

Da a nan abin ya tsaya da ban rubuta wannan ba. Shekara ta farko karatu nake yi. Daga ta biyu sai na koma saye. Duk wanda za shi Najeriya sai na ba shi saƙo, kullum da sunan na uku a saman takarda, a ƙasa kuma in rubuta "da duk sabon da ya fito". Sai na ƙaro na Faransanci. Akwai wani yaron mota da ke zuwa Ngaundere, yana da ɗan'uwa mai bin jirgin ƙasa zuwa Yaunde, shi ke tsinto mini wajen masu baza littattafai a bakin titi, waɗanda ake ce wa poto. Manya-manya masu shafi 600, na macizai masu fukafukai da sarakunan ƙanƙara da gawawwakin da ke tashi. Ni da na bar makaranta a aji uku na sakandare, shafi ɗaya sai na duba ƙamus sau goma. Na san ba zan karanta su ba, amma ina biya.

Daɗin duk yana wajen kwance ƙulli. A kira ni a ce saƙonka ya iso tasha, in bar ɗinki in tafi, in yanke igiya, in shaƙi ƙanshin sabuwar takarda, in jera su a kan tabarma ina duba bango ɗaya bayan ɗaya. Kafin isha'i daɗin ya gushe, sai in zuba su a kwali in fara tunanin na gaba. Wasu ko ledarsu ban cire ba. Da na ƙirga a farkon 2019 sun haura 700, waɗanda na karanta ba su kai 200 ba.

Kuɗin fa daga ina? Da farko daga riba. Daga baya na kwashi adashin da na shekara ina zubi don sayen keken surfani, jaka 180, ya narke cikin wata biyar ban san inda ya shiga ba. Daga nan na fara taɓa kafin alƙalamin masu ɗinki, a ba ni kuɗin shafi da zare in tura wa direba. Tela ba ya mutuwa da rashin iya ɗinki, da saɓa alkawari yake mutuwa, kuma ni ga rashin barci ga cin amana. Yarana biyu na shago suka koma wajen wani.

Ranar da ba na son tunawa a daminar 2019 ce. 'Yarmu ta biyu, tana da shekara huɗu, zazzaɓin cizon sauro ya kama ta har tana sanƙarewa. Maiɗakina ta kai ta asibiti aka rubuta allurai, ta aiko a karɓi kuɗi. Da safen nan na biya jaka 12 na karɓo ƙulli a tasha, aljihuna ba ko dala. Ta dawo gida da kanta, ta same ni zaune a tsakiyar sababbin littattafai tara. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, wanne daga ciki zan kai wa likita?" Ta shiga ɗaki ta ciro 'yan kunnenta na aure ta fita. Yarinyar ta tashi, alhamdu lillahi. 'Yan kunnen ba su dawo ba.

Dangi suka shigo maganar. Kawuna, shi da ya fara kawo mini su, ya ce a fito da su a cinna musu wuta, ai ko a Kano an taɓa tara littattafan hikaya an ƙona a 2007. Goggona ta ce ba ƙonawa ba ce magani, aljanun ciki ne suka shige ni, a kai ni ruƙiyya. Aka kai ni wajen wani malami dattijo a unguwar Domayo. Ya yi karatu mai tsawo, ban faɗi ba, ban yi kururuwa ba. Da ya gama sai ya sallami kowa ya bar ni. Ya ce, "Ɗana, ni ban ga aljani a jikinka ba. Tun da abin nan ya faru ka sake taka kasuwa?" Na ce a'a. Shekara huɗu ina tela a Marwa ban shiga babbar kasuwa ba, komai aike nake yi, in hanya ta biyo ta wajen sai in zagaya ta bakin kogi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma ban san ana lura ba. Ya ce in riƙe azkar na safe da yamma, kuma in nemi likita, don Wanda ya saukar da cuta Shi ya saukar da magani.

Akwai wani ma'aikacin lafiya da nake wa ɗinki, na daure na ba shi labari. Ya ce ciwo ne sananne da ke bin wanda ya ga tashin hankali: mugun mafarki, zabura da ƙaramar ƙara, gudun wurin da abin ya faru, da ɗora wa kai laifi. Ya ce sun ga irinsa da yawa a cikin mutanen da suka gudo daga bakin iyaka da waɗanda ke sansanin 'yan gudun hijira na Minawao. Ya haɗa ni da wata mai ba da shawara, na je sau biyar ina zaune kamar dutse, na daina zuwa.

A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ƙulli ya daina zuwa. Gida aka yi murna, an ɗauka na warke. Ashe ciwon waya ya koma. Marubuta da yawa sun riga sun bar buga takarda, suna sayar da labari a zaurukan WhatsApp, ka tura kuɗi a sa ka a ciki, kullum a sako shafi. Nakan bai wa ɗan canji sefa ya tura naira. Wannan tarin ya fi na kwali haɗari don ba mai ganinsa, har ni kaina.

Gara ce ta yi abin da kawu ya kasa. A daminar 2020 ruwa ya yi yawa, bangon ɗakin ya jiƙe, maiɗakina ta matsa a janye kwalayen. Da na ɗaga na ƙasa sai gindinsa ya zube. Kwali uku sun zama ƙasa, ka ɗauki littafi bangonsa lafiya, ka buɗe ka ga rami da hanyoyi da fararen ƙwari suna gudu. Na ɗaya da na biyu na labarin tulun suna cikinsu, don su na fara ajiyewa. Abin da ya rage ƙyallen shadda shuɗi da Auta ke sa alamar shafi da shi, gara ba ta ci shi ba.

Ina durƙushe a wurin da ƙyallen a hannu Inna ta shigo. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta dube ni ba, bango take kallo kamar yadda ta saba in za ta yi mini magana. Ta ce, "Kai wannan. Ran nan da hantsi ni na fara aikensa kasuwar, goro ya sayo mini, ya je ya dawo. Da a lokacin abin ya tashi, kai za ka ce ni na kashe shi?" Na ce subhanallahi, Inna. Ta ce, "To ni ma ban ce ba." Ta juya ta fita. Shekara biyar tana riƙe da wannan magana, ni ina riƙe da tawa, a gida ɗaya.

Na koma wajen mai ba da shawarar, wannan karon na buɗe baki. Ita ta tsara mini komawa kasuwa kaɗan-kaɗan: mako na farko in tsaya a tsallaken titi minti biyar, na biyu in kai bakin ƙofa. Sai a mako na bakwai na shiga layin masu zare, gumi ya jiƙa mini riga, na sayi ƙwaya ɗaya na fito. Mai shagon ya gane ni, bai ce komai ba, ya ƙi karɓar kuɗi.

An buɗe iyaka a Disamba 2020. Cikin azumin 2021 wani da muka haɗu a zauren masu karatu ya ce ya ga na uku wajen wani tsoho mai tsofaffin littattafai a Kano. Ya iso mini ta Yola a cikin kwalin maganin sauro. Na ajiye shi kwana tara ban buɗe ba. Ran na goma bayan la'asar na rufe shago na zauna a kujerar Auta.

Jama'a, labarin banza ne. Yayar ta buɗe tulu, mayya ta taso, sai ga wani malami da ba a taɓa ambatonsa ba ya faɗo daga sama ya tofa addu'a, a shafi biyu komai ya ƙare. Sauran shafi hamsin bikin yayar ne da wani ɗan sarki, har da lissafin akwatunan lefe, sai tallar wasu littattafai a ƙarshe. Yaron da aka sha wahala dominsa ko magana ba a ba shi ba. Na san abin da Auta zai ce, har muryar na ji: "Yaya, wallahi an cuce mu." Na fashe da dariya ni kaɗai, dariyar ta juye, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, har mai shayi ya buga ƙofa yana tambaya ko lafiya.

Bashin masu ɗinki ya ɗauke ni shekara biyu kafin na biya, wasu sun dawo, wasu har yau in mun haɗu gaisuwa ce kawai. Keken surfani ban saya ba tukuna. Na sayi 'yan kunne, ta karɓa ta ce ba irinsu ba ne, kuma gaskiyarta. Na Faransancin na kai wa wasu ɗaliban jami'a, na fita daga zaurukan waya in ban da biyu. Sauran na jera su a kanta a shago, samarin unguwa suna haya dala goma kwana biyu, dalarmu ta nan sefa biyar ce. Rabi ba sa dawowa da su, ba na bi. Har yanzu in abu ya fashe sai na zabura, kuma watan Yuli ba ya yi mini daɗi.

Saye kuwa ban daina ba, kada in yi muku ƙarya. Na sa wa kaina doka, sai na karanta uku zan sayi ɗaya, kuma kuɗin a hannun maiɗakina yake, sai na faɗi sunan ukun da abin da ya faru a ciki kafin ta ba ni. Tun da naira ta faɗi a 2023 sefa take da ƙarfi a Kano, sai dai na takardar ne suka yi wuya, don masu bugawa sun ragu. Makon jiya aka kawo mini sababbi biyu. Yarinyar nan da ta yi zazzaɓi ita ke karanta mini yanzu in ta taso makaranta, tana zaune a kan buhun ƙyalle, har yanzu takan ce "si" a inda aka rubuta "ci", kuma ba ta iya muryar boka ba. Ƙafafun kantar huɗu na tsoma su a gwangwanin madara da baƙin mai, saboda gara.